Tauye Mudu Ya Shiga Na'ura

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, muna so mu ja hankalinmu ga wani al'amari da muka raina, alhali kuwa yana cin dukiyar jama'a kullum. Mutum zai shiga babban kanti, ya ga farashi a manne a jikin kanta, ya ɗebi kaya ya kai wurin biya. Sai na'ura ta buga wani kuɗi wanda ya ɗara abin da ya gani, ko ta lissafa gwangwanin madara ɗaya sau biyu, ko a ce an yi rangwame amma rangwamen bai fito a lissafi ba. Shi kuwa ya miƙa kuɗi ko kati, ya karɓi rasiɗi, ya dunƙule shi ya jefar tun kafin ya kai bakin ƙofa.

Wannan ba zato ba ne. A watan Fabrairu na 2024 Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, wato FCCPC, ta rufe wani babban kanti a Abuja bisa zargin cewa farashin da yake nunawa a kanta daban, wanda yake karɓa a wurin biya daban. Dokar da ta kafa hukumar, wadda aka sanya wa hannu a 2019, ta hana mai kanti ya karɓi fiye da farashin da ya nuna a kan kayansa. To amma mu ba mu jira dokar 2019 ba kafin mu san hukuncin wannan aiki.

Allah (SWT) Ya saukar da sura guda da sunan masu tauye awo, ita ce Suratul Muɗaffifina, kuma Ya buɗe ta da narkon azaba a kan mutanen da ke cika mudu idan su za su karɓa, su rage idan su za su bayar. A cikin Suratul A'arafi da Hudu da Shu'ara'i an ba mu labarin Annabi Shu'aibu (AS) yana kiran mutanensa zuwa ga tauhidi, kuma a tare da shi yana kiransu su cika mudu da sikeli. Da suka ƙi, aka halaka su. Mai da'awar tauhidi da ya ɗauki maganar kasuwa ƙaramar magana, ya sake karanta waɗannan surori. Imamu Muslim kuma ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa cikin tsibin abincin wani mai sayarwa, ya ji danshi a ƙasa, ya tuhume shi a kan ɓoye jiƙaƙƙen, sannan ya barrantar da kansa daga mai algus. Shugaban halitta da kansa ya sa hannu ya bincika. Mu kuma wane girma ne ya hana mu karanta 'yar takarda?

Wani zai ce ai mudu daban, na'ura daban. Amsa ita ce illar hukuncin ɗaya ce, wato karɓar abin da ya fi wanda aka yi yarjejeniya a kansa. Hasali ma amanar da ke wuyan mai kanti ta fi ta mai awo nauyi. A kasuwar Kurmi ko ta Dawanau mai saye yana tsaye, idonsa a kan tiya, ya taya, a ce albarka, ya ƙara, har a sallama masa. A babban kanti babu tayi. Farashi a yanke yake, mai saye ya miƙa wuya ga abin da aka rubuta da abin da na'ura ta faɗa. Malamanmu na fiƙihun Malikiyya sun san irin wannan mai saye, suna kiransa mustarsil, wato wanda ya saki jiki ya dogara da faɗar mai kaya game da farashi. Sun kuma tabbatar masa da haƙƙin warware cinikin idan ta bayyana an cuce shi ta hanyar wannan amincewa. Saboda haka duk wanda ya buɗe kanti ya manna farashi, ya ɗaura wa kansa alkawari da kowane mutum da ya shigo.

Mun san uzurin da ake kawowa. A 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, kaya suna tashi mako-mako, sai a gyara farashi a kwamfuta a manta da takardar da ke kanta. Muna kyautata zato cewa da yawa haka abin yake. To amma uzurin mantuwa yana ɗauke zunubi ne, ba ya halatta kuɗin. Idan mai saye ya ɗauki kaya a kan naira 2,000 aka cire masa 2,300 bai sani ba, ina yardar juna da Suratun Nisa'i ta sanya sharaɗi a cikin fatauci? Kuma abin lura ne idan mantuwar kullum aljihun mai kanti take yi wa daɗi. Mu ɗauki misali: a ce naira 50 kacal ake ƙara wa kowane mutum, kuma mutum 400 ke biya a yini. Naira 20,000 ke nan kullum, 600,000 a wata. Ga haƙƙin dubban mutane ya taru a wuyan mutum ɗaya, ba shi da sunayensu balle ya nemi yafewarsu. Haka nan ɗabi'ar nan ta cewa babu canji, a cusa wa mutum alewa ko ashana da bai nema ba. Ciniki ne aka ɗora masa, sai fa idan ya yarda da zuciya ɗaya.

Sai dai babban abin da ke ciyar da wannan ɓarna yana wajenmu ne, mu masu saye. An tarbiyyantar da mu a kan kunya da kawaici, kuma halaye ne na kirki. Amma Shaiɗan ya shigo mana ta nan, har mutum yana ganin tsayawa duba rasiɗi ƙaranta ne, kada na bayansa a layi su ce matsolo ne, ko su ce ba shi da shi. Wani kuma ya ce ya bar wa Allah. Yafiya tana da lada idan mutum ya san haƙƙinsa ya bar shi don Allah. Wanda bai duba ba balle ya san an ci masa wani abu, bai yafe komai ba, sakaci ya yi. Bukhari ya ruwaito daga Mugira ɗan Shu'uba (RA) cewa tozarta dukiya yana cikin abubuwan da Allah Yake ƙi gare mu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, magana take a kan rubuta bashi da kafa shaida a ciniki. Addinin da ya ba rubutun ma'amala wannan matsayi ba zai ɗauki karanta rasiɗi abin kunya ba. Ƙari a kan haka, shirunka ba kai kaɗai yake cutarwa ba. A bayanka akwai tsohuwar da ba ta iya karatun boko ba, da yaron da aka aiko, da matar da ke gida tana jiran canji. Idan kai da ka iya karatu ka yi magana aka gyara farashin, su ma ka tsare musu nasu. Wannan yana cikin hani da mummuna.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa da abubuwa kamar haka. Na farko, mu riƙa lura da farashin kanta tun muna ɗaukar kaya, mu kuma sa ido a kan allon na'ura lokacin da ake lissafi. Na biyu, kada mu bar wurin sai mun karanta rasiɗi, mun gwada yawan kaya da abin da ke cikin leda, mun duba abin da aka ɗora na harajin VAT, wanda aka mayar kashi 7.5 cikin ɗari a 2020. Idan da kati aka biya, a gwada saƙon banki da jimillar rasiɗin. Na uku, idan an ga saɓani a yi magana cikin ladabi, ba tare da kiran kowa ɓarawo ba. Yaron da ke karɓar kuɗi ma'aikaci ne, sau da yawa ba shi ya sa farashin ba. A nemi manaja, idan ya ƙi gyarawa a adana rasiɗin a kai ƙara hukuma. Na huɗu, kuma shi ne ma'aunin gaskiyarmu: idan kuskuren mu ya yi wa daɗi, aka manta ba a lissafa wani abu ba ko aka ba mu canji fiye da kima, wajibi ne mu mayar. Wanda ke ɗaga murya idan an ƙara masa, ya yi gum idan an rage masa, shi ne ainihin wanda farkon Suratul Muɗaffifina ya siffanta, ko da kuwa bai taɓa riƙe mudu ba.

Ga 'yan'uwanmu masu kantuna kuwa, musamman waɗanda ake gani a sahun farko a masallaci, ku sani jama'a na auna da'awar Sunna da abin da suka gani a wurin biyan kuɗinku. Ku sa mutum na musamman ya riƙa daidaita farashin kanta da na kwamfuta kowace safiya, ku tanadi canji, kuma idan an sami saɓani ku sallama a kan farashin da kuka nuna. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya keɓe babi a kan saye da sayarwa a cikin Ihya'us Sunna, domin raya Sunna bai tsaya ga alwala da salla ba. Muna kuma kira ga malamanmu su shigar da babin ciniki cikin karatuttukan masallatai, hukumomin Hisba su ma su tuna cewa binciken mudu da sikeli yana cikin asalin aikin muhtasibi.

Allah Ya tsarkake mana abincinmu, Ya kare mu daga cin haƙƙin bayinSa, Ya sa mu cika da imani.