Raddi Ga Masu Cewa Gasar Ƙwarewa Ba Ruwanta Da Dokar Caca

Wasu masu shirya gasar wasanni a Amurka sun kafe a kan cewa muddin wasa na ƙwarewa ne, ko'ina aka samu a kafa tebur, a karɓi kuɗin shiga, a raba kyauta. Wannan fatawa tana iya kai mutum gaban alƙali, shi ya sa ba zan bar ta ta wuce ba.

Babbar hujjarsu shari'ar Ted Barr ce a jihar Oregon, inda a 1982 alƙali ya wanke shi daga tuhumar caca, ya ce backgammon, wasan allo da ake jefa ƙwaya irin ta ludo, ƙwarewa ce ba caca ba. Haka aka yi. Amma hukuncin ƙaramar kotu ne a jiha guda, kuma kowace jiha da mudunta. Wasu na duba abin da ya rinjaya tsakanin sa'a da iyawa. Dokar New York kuwa cewa ta yi, idan sa'a na da tasiri mai ƙwari a sakamakon, caca ce ko da akwai gwaninta a ciki.

Su duba abin da ya sami Lawrence DiCristina, wanda ya riƙa haɗa kartar poka a wani sito a Staten Island. A 2012 Alƙali Jack Weinstein ya saurari masana, ya gamsu cewa ƙwarewa ce ta rinjaya a poka, ya soke hukuncin da aka yi masa. A 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta dawo da hukuncin. Ba ta ma tsaya jayayya kan ƙwarewar ba. Abin da ta duba shi ne harkar ta saɓa wa dokar New York. Ga ta inda hujjarsu ta rushe: an yarda maka kai gwani ne, kuma laifin na nan.

Suka ce to a koma gida ko bayan shago, a rufe ƙofa. Rufe ƙofa ba ya halatta komai. Jihohin da suka yi sassauci ga wasan abokai galibi sharaɗinsu kada mai masauki ya ci ko sisi, shi kuwa DiCristina kashi 5 cikin ɗari yake yanka. Utah ma ko wannan sassaucin ba ta yi ba.

Batun a kira kuɗin shiga "gudummawa" bai cancanci dogon bayani ba. Kotu hanyar da kuɗin ya bi take dubawa.

Abu uku ke haɗuwa a kira wasa caca: biya, sa'a, da kyauta. Mai son gasarsa ta ɗore sai ya cire ɗaya, shiga ta zama kyauta wani kamfani ya ɗauki nauyin kambun, ko ya kai ta wuri mai lasisi, yadda gasar poka ta duniya ke gudana a gidajen cacar Las Vegas tun 1970. Kafin ya biya kuɗin hayar zaure, ya fara zama da lauyan da ya san dokar wannan jihar.