Tekun da ba mu taɓa gani ba

Jama'a, yau sai na faɗa ko da za ku ji haushina. 'Yar mujallar nan ta intanet mai gasar rubutacciyar waƙa duk wata, wadda komai nata teku ne, ta mai da mu maƙaryata. Jiya a hostel aka karanto waƙoƙi huɗu da za a tura: igiyar ruwa, ruwan gishiri, jirgi na nitsewa. Na ce a cikinku wa ya taɓa taka Legas ko Kalaba? Shiru kake ji.

Haba 'yan uwa! Mu da Binuwai ya bi ta Lau da Ibi? Mu da ke ganin yadda Mayo Gwoi ke tumbatsa da damina a nan Jalingo?

Wani abokina, ruwa ya rushe ɗakin mahaifiyarsa bara. Ya yi waƙa a kai, wallahi da ya karanta min sai da jikina ya yi sanyi. Amma ya ƙi turawa, wai "ai ba teku ba ne." Ya koma yana kwaikwayon Turawa don ya ci gasa.

Na ce masa ya tura a haka. In sun ƙi ɗauka, mu buɗe tamu gasar a nan. Wa zai shiga?