Wa Ya Biya Kuɗin Kulle? Lissafin Korona a Gaya da Ajingi

Ranar 11 ga Afrilu, 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a Jihar Kano. Ranar 16 ga watan, dokar kulle ta Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ta fara aiki, ranar 24 aka ɗauki azumi, ranar 27 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙara wa Kano mako biyu na kulle gaba ɗaya. Duk wanda ya san ƙasar Gaya da Ajingi, in ya dubi waɗannan ranaku, zai ga abin da sanarwar rediyo ba ta faɗa ba. A watan Afrilu rumbu ya riga ya yi ƙasa. Geron da aka girbe da kaka an ci fiye da rabinsa, ana sharar gona, ana kai taki, ana sauraron dawowar 'yan ci-rani da abin sayen iri da takin zamani kafin ruwan shuka. A wannan gaɓar ce aka ce wa magidanci ya tanadi abinci ya zauna a gida.

Ba na cikin waɗanda suka riƙa cewa babu korona, ko kuma ciwon masu hawa jirgi ne. Cutar ta zo, ta ɗauki mutane, galibi dattawa. Masu haƙan kabari a birni ne suka fara kokawa da yawan gawarwaki tun hukuma ba ta yarda ba. Daga baya, a watan Yuni, ministan lafiya Dakta Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mace-mace 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birnin Kano, kuma ana jin korona na da hannu a kashi 50 zuwa 60 cikin 100. Shakkata a wani wurin take. Rigakafi ya fi magani, haka ne, amma rigakafin ma da kuɗinsa, kuma ba a zauna da mutumin Kademi a Gaya ko na Toranke a Ajingi an gaya masa nawa ne kuɗin ba, wa zai biya, me kuma zai samu idan ya biya.

A ƙauye dokar ba ta hana kowa zuwa gona ba, babu ma wanda zai iya hanawa. Inda ta ciji mutane shi ne hanya da kasuwa, kuma nan ne numfashin gida yake. Manomin da ke da hatsi a rumbu ba ya da kuɗi a aljihu. Kuɗin cefane, wato gishiri da manja da daddawa da kuɗin niƙa da sabulu, daga kasuwa yake fitowa: a auni wake kwano biyu, ko a kama kaza, a kai a sayar. Wanda rumbunsa ya ƙare kuwa awo yake yi kullum, gwargwadon abin da ya samo a ranar. Idan aka ce wa irin wannan gida ya sayi abincin mako biyu a lokaci ɗaya, an ce masa ya sayar da akuya ke nan. To kowa ma akuyar ya fito da ita, fataken da ke zuwa kasuwar Wudil ranar Juma'a su loda dabbobi zuwa Kudu sun ragu, sai farashin abin da talaka ke sayarwa ya faɗi, na abin da yake saye ya tashi. Shinkafa dama ta yi tsada tun rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta 2019. A takarda an keɓe motocin abinci daga dokar hana zirga-zirga, amma direban da ya bi hanya ya san shingaye nawa ya tsaya ya ba da na goro, kuma mai saye ne ya biya wannan goron a ƙarshe.

Da aka zo sassautawa a farkon Mayu, sai aka ba da Litinin da Alhamis, daga ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma. Sayayyar da mutane ke yi a kwana bakwai aka matse ta cikin sa'o'i goma sha biyu. Idan cunkoso ake gudu, wannan tsari cunkoso ya haifar.

Asarar da ta fi damuna ita ce wadda ba ta fito waje ba, domin a tsakar gida ta faru. Dubi mai ƙuli-ƙuli. Jarinta bai wuce kuɗin gyaɗa 'yan kwanuka ba. Ta soya, ta kai niƙa, ta murza a turmi har mai ya taso, ta zuba shi a kwalba, ta mulmula tunkuzar ta soya. 'Yarta ta ɗauka a faranti ta kai tasha, ko ƙofar makaranta, ko kasuwa. Da yamma a kwance bakin zani a ƙirga: uwar kuɗi gefe, riba gefe, zubin adashi gefe. An rufe makaranta, tasha ta mutu, kasuwa ba ta ci. Kwana kaɗan man ya shiga miyar gida, ƙulin ya shiga bakin yara, uwar kuɗin ta tafi awon buɗa-baki. Adashi kuma in mutum uku suka kasa zubi ya tsaya, wadda kwasarta ta zo ta rasa abin da ta yi watanni tana jira, wataƙila na kayan ɗakin 'yarta ne. An ɗage kulle ranar 2 ga Yuli, amma jarin da aka cinye ba ya dawowa da sanarwa.

Sai 'yan ci-rani. Samarin yankin nan da dama a Legas da Abuja da Fatakwal suke rani, suna acaɓa, suna ga-ruwa, suna dako, suna gadi. An kulle Legas da Abuja tun 30 ga Maris, an kuma hana tafiya tsakanin jihohi har zuwa 1 ga Yuli, lokacin da shuka ta riga ta wuce, ana noman farko. Wanda ya zauna can ya cinye abin da ya tara, gonarsa kuma ta jira. Wanda ya ce sai ya dawo, bayan tirela ya hau, a kan kaya, ya biya ninkin kuɗin mota, ya iso gida hannu sake. A nan ne lissafin ya fi ba ni takaici. An hana tafiya don kada cutar ta bi matafiya, amma matafiyan sun iso, ba wanda ya gwada su, suka kwana a shagon ƙofar gida, da asuba suka bi sahu kafaɗa da kafaɗa da tsoffin da ake son karewa. Gida ya biya kuɗin dokar cif, bai samu kariyarta ba. Haka aka yi da almajirai: gwamnonin Arewa suka riƙa mayar da su jihohinsu cikin motoci a cunkushe, aka kuma samu da dama ɗauke da cutar bayan sun sauka a Kaduna da Jigawa.

Wanke hannu da sabulu ita ce shawarar da ta fi kowacce arha da amfani, kuma mutanen da ke alwala sau biyar a yini ba baƙi ba ne gare ta. Amma ko ita sai a tuna cewa da bazara rijiyoyi sun ja baya, kowace jarka yarinya ce ta bi layi a famfon tuƙa-tuƙa ta ɗauko. Takunkumi tela ya ɗinka, yawanci a aljihu yake zama sai an hango shinge ko kotun tafi-da-gidanka. Killace marar lafiya a ɗakinsa shi kaɗai kuwa, a gidan da kowace mata ke ɗaki guda da 'ya'yanta, magana ce da aka tsara wa wasu mutane daban.

Gidaje ma da nasu laifin a wannan lissafi, ba zan ɗora wa hukuma komai ba. An kashe kuɗi a kan lemon tsami da citta da tafarnuwa da kanumfari, an yi surace da ganyen darbejiya. Waɗannan ba su cutar da kowa ba in ban da aljihu, sai dai sun sa wasu sun daɗe a gida har numfashi ya yi nauyi. Wanda ya fi haɗari shi ne rububin sayen kulorokwin a kemis bayan Shugaban Amurka Donald Trump ya yabe shi a watan Maris, har hukumomin lafiya a Legas suka ba da rahoton waɗanda suka sha fiye da ƙima. Ba wannan ne farau ba. A watan Agusta 2014, lokacin Ebola, saƙon waya ya tashi mutane da tsakar dare su yi wanka da ruwan gishiri su sha, aka rasa rayuka a dalilin haka, alhali cutar ba ta ma iso Arewa ba. Jita-jita takan riga ma'aikacin lafiya isa gida, kuma ita ma da farashinta.

A ɗaya hannun me ya shigo? Gwamnatin tarayya ta ce ta fitar da hatsi tan 70,000 daga rumbunanta, ta biya naira 20,000 ga gidajen da ke cikin rajistar masu ƙaramin ƙarfi, ta kuma ba da umarnin faɗaɗa rajistar daga gida miliyan 2.6 zuwa miliyan 3.6. Wannan a ƙasar da jama'arta ta kai miliyan 200. A watan Oktoba na shekarar kowa ya ga hotunan jama'a suna fasa ma'ajiyoyin kayan tallafi a Legas da Jos da Kaduna, kayan da aka tara watanni bayan yunwar ta wuce ta kan mutane. Abin da ya riƙe gidaje a Gaya da Ajingi shi ne abin da ya saba riƙe su: ɗan'uwa da ke birni ya turo, maƙwabci ya ranta kwano biyu, mai hali ya fitar da zakka da sadakar azumi.

Akwai kuma bashin da ba a biya a 2020 ba, sai daga baya. Tsoron kada a ce mutum na da korona a tafi da shi ya sa an ƙaurace wa asibiti. Mai ciki ta fasa awo, mai hawan jini da mai ciwon suga suka yi ta maneji. Ɗakin gwajin da ke Asibitin Malam Aminu Kano ma an rufe shi na wasu kwanaki a ƙarshen Afrilu, daidai lokacin da mace-mace suka fi yawa. Jaririn da ya cika wata tara a watannin nan, ko an kai shi allurar ƙyanda? Gibin rigakafin yara a Kano ya girmi korona, amma kulle ya faɗaɗa shi. Da mashaƙo ya ɓarke daga ƙarshen 2022, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, akasarinsu yaran da ba a yi wa allura ba ko ba a kammala musu ba. Makarantu sun zauna a rufe daga Maris zuwa Oktoba. A ƙauye wata shida ya isa a ɗaura wa yarinya aure, ya isa yaro ya saba da kuɗin acaɓa ya ƙi komawa aji.

Mafi tsadar abin da aka kashe shi ne yarda. Mutanen Kano ba su manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara lokacin sanƙarau na 1996 ba. Wannan tabo na cikin abin da ya sa aka dakatar da allurar shan-inna a jihar daga 2003 zuwa 2004. Sai da aka shafe shekaru sarakuna da hakimai da dagatai da masu unguwanni da malamai da mata masu shiga gida-gida suna lallashi, kafin a kai ga 25 ga Agusta, 2020, ranar da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Wannan tsani yana nan a lokacin korona, amma umarni ta rediyo ya riƙa zuwa, yau a ce kaza, jibi a sauya. Da allurar korona ta iso a Maris 2021, tambayar da mutane suka riƙa yi ita ce tsohuwar tambayar nan: me ya sa ake biyo mu da allura kyauta har ƙofa, amma in yaro na zazzaɓi sai mun sayi magani? Tambaya ce mai ma'ana, kuma har yau ba a amsa ta da aiki ba.

Idan aka tace, abubuwan da suka cancanci kuɗinsu ba su da yawa, kuma ba su da tsada: sabulu a bakin randa, nisanta tsofaffi da masu ciwon ajiye daga taro, taƙaita zaman makoki, kai mai wahalar numfashi asibiti da wuri, da cika katin allurar yara tun lafiya lau. Zazzaɓin Lassa, wanda ke tasowa kusan kowane rani ta hanyar ɓera, abin da yake nema daga gida shi ne murfi a kan abinci da daina shanya a bakin hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma duk waɗannan aikin kwanakin zaman lafiya ne.

Abin da hukuma ta fi rasawa a 2020 shi ne ido. Ƙididdigar 979 ɗin nan ta birni ce, Gaya da Ajingi ba sa cikinta. Wanda bai san inda cuta take ba, dole ya kulle ko'ina. Alhali Masarautar Gaya, wadda a tsarin 2024 ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu, tana da masu unguwanni da limamai da ba a jana'iza ba tare da su ba. Littafin rubutu guda a hannun kowane mai unguwa, a rubuta wanda ya rasu, shekarunsa, da abin da ya yi fama da shi, ma'aikacin asibitin da ke kusa ya karɓa duk mako, kuɗinsa bai kai na shinge ɗaya ba. Ranar da aka ga dattawa biyar sun rasu a ƙauye kamar Gurduba cikin mako guda da tari da zazzaɓi, can za a tura ma'aikata da kayan gwaji da abinci, a bar kasuwar Wudil ta ci.