Damuwar Manomi Tana Cikin Yawunsa

Mun saba cewa damuwa abu ce ta zuci, wadda haƙuri kaɗai ke maganinta. Amma masana lafiya sun daɗe da gano cewa tana barin sawu a jiki. Akwai wani sinadari mai suna kotizol, wanda wasu ƴan ƙullutai biyu da ke bisa ƙoda suke fitarwa idan mutum ya shiga matsi. Ana iya auna shi cikin yawu, ba sai an ɗibi jini ba.

Sinadarin nan ba ya tsayawa wuri guda. Yakan kai ƙololuwa minti 30 zuwa 45 bayan an tashi barci, ya riƙa sauka har tsakar dare. Don haka awo guda ba ya isa hujja, sai an san sa'ar da aka ɗauke shi. Lokutan shekara ma suna taɓa shi. A ƙasar Kenya, wani bincike na shekarar 2013 ya nuna cewa idan ruwan sama ya yi ƙaranci, kotizol yana ƙaruwa cikin yawun manoma matalauta.

Mu a nan Nijar ba sai an ba mu labari ba. Daga watan Yuni zuwa Satumba rumbu ya ƙare, hatsi bai nuna ba, farashin tiya ya hau, ga aikin gona yana jira. Waɗanda suka ga 2005 a Maraɗi da Damagaram ba su manta ba. Likitoci kuwa sun tabbatar cewa idan kotizol ya daɗe a sama, yana jawo hawan jini da ƙaruwar sukari, ya kuma raunana garkuwar jiki. Ke nan magidancin da ke kwana yana lissafin abin da iyali za su ci gobe, lafiyarsa ce ke biyan bashin.

Saboda haka muke kira ga hukumomi da su buɗe sayar da cimaka a farashi mai rahusa tun kafin ruwan shuka ya sauka, su ƙarfafa bankunan hatsi na ƙauyuka. Mu ma ƴan uwa da ke birni, mu aika da taimako tun watan Mayu, kada mu jira sai an yi kuka. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.