HAWAN SALLA: WA ZAI BIYA ASARAR 'YAN KASUWA?

Jama'a, a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, manya suka yi ta murna. To, amma tun a Babbar Salla ta watan Yuni na wannan shekara 'yan sanda suka hana hawan saboda rigimar sarauta, a Ƙaramar Salla ta 2025 kuma aka sāke hanawa. Ga takardar yabo a hannu, ga dawaki a turke.

Mu dai ba ruwanmu da wanda ya ci gadon sarauta. Tambayarmu ita ce: abubuwan nan da baƙi ke zuwa kallo daga Ingila da Amurka, na wane ne? Hawa na fada ne. 'Yan sanda na Gwamnatin Tarayya ne, haka kuma hukumar da ke kula da badala da Gidan Makama. Hukumar yawon buɗe ido da ta tarihi da al'adu na Jiha ne. Ƙaramar hukuma ita ke karɓar kuɗin rumfa. Kowa da igiyarsa a wuyan doki guda, kowa yana ja nasa wajen. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa hanya. Masu hanya daban, masu tarihi daban.

In an hana hawa, albashin ma'aikaci ba ya raguwa ko kwabo. Wanda ke kwana da ciwon kai shi ne baduku da ya ci bashi ya sayi fata, da marinin Ƙofar Mata, da mai rumfa a Kasuwar Kurmi, da mai ɗinkin kayan doki, har da yaron da ke yankan ciyawa. Waɗannan ba a taɓa kiransu shawara ba, sai dai su ji sanarwa a rediyo ana gobe Salla.

Ku 'yan'uwanmu na Ƙaraye da Rogo, abin ya fi shafarku. A 2019 aka ba Ƙaraye masarauta, a watan Mayu na 2024 aka rushe ta, a watan Yuli aka maido ta da daraja ta biyu, ta ƙunshi Ƙaraye da Rogo. Ɗan kasuwa da ke shirin Salla, ina zai kai hajarsa, gida ko birni? Ga kuma madatsar ruwa ta Calawa a ƙasar Ƙaraye tun 1992, wurin da ya isa a je shaƙatawa, amma ruwan yana hannun hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are ta Tarayya, shirin jawo baƙi yana hannun Jiha.

Abin da muke nema ƙanƙane ne. A kafa kwamiti guda mai zama kullum, a sa fada, da 'yan sanda, da hukumomin nan duka, a ba ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu sana'a kujerunsu da ƙuri'arsu. Ko za a yi hawa ko ba za a yi ba, a faɗa wa jama'a wata guda kafin Salla, tun mutum bai ci bashi ba.