"Ai Kare Ne"



A damunar bara wani mafarauci da ke wani ƙauye kan hanyar Zango, a masarautar Daura, ya nuna mini ɗan karensa wanda bai wuce wata goma ba. Bai faɗi ba, mota ba ta buge shi ba. Tangaɗi ya fara yi, sannu a hankali ƙafafun baya suka mutu, sai jan gindi. Yara na jifa, manya na cewa a kai shi bayan gari a yar, ai kare ne.

Likitan dabbobin da ya duba shi ya ce alamun sun fi kama da ƙari a cikin laka. Akwai irinsa da ke kama ƙananan karnuka, galibi daga wata 6 zuwa shekara 3, wajen da haƙarƙari ya ƙare. Asalinsa ƙwayoyin halittar ƙoda ne da suka ɓace hanya tun a ciki, suka maƙale a laka, suna girma suna danne ta. Ba ya yaɗuwa. Tsoron mutane ba banza ba ne, domin haukan kare ma yakan shanye ƙafa, amma shi cikin kwanaki yake kashewa, wannan kuwa ya shafe makonni yana ci yana kaɗa bindi.

Abin da ya dame ni shi ne yadda muke fakewa da addini. Mu Malikawa ne, kuma a mazhabar Imamu Malik kare mai rai ba najasa ba ne. Wanke ƙwaryar da ya lasa sau bakwai bin umarni ne kawai. Suratul Ma'ida ta halatta mana abin da horarren kare ya kamo. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa don ya shiga rijiya ya ɗebo wa kare ruwa a huffinsa. To, daga ina muka samo jifan?

Ban ce talaka ya sayar da hatsinsa ya nufi asibitin koyarwa na dabbobi a Zariya ba. Tiyatar laka ko a Turai ba kullum take warkarwa ba. Amma inuwa da ruwa da juya shi kada ya yi gyambo, waɗannan ba sa buƙatar kuɗin mota.

Mafaraucin ya shimfiɗa masa buhu a gindin rumbu, ya hana yara zuwa wurin. A nan ya mutu, ana gab da yankan gero.