Zancen Mota: Yaushe Ake Kashe Ofadiraif?

Filin namu na yau na masu mota ne, da masu niyyar saye, da samarinmu da ke tuƙa ta wani don neman abinci.

Gardama ta yi yawa a kan wani ɗan maɓalli da ke jikin sandar giya ta motocin nan masu sake giya da kansu, waɗanda ake ce wa otomatik. Tsofaffin Toyota Corolla da Nissan Sunny da Hyundai Verna da suka cika titunan Alƙahira, masu otomatik ɗinsu da yawa suna da shi, an rubuta O/D. Waɗansu sun ce na ƙara gudu ne, waɗansu sun ce kada a taɓa shi ko kusa. Akwai ma waɗanda suka shekara suna yawo da shi a kashe ba su sani ba, suna ta zagin mota wai ta cika shan mai.

To, sunan abin ofadiraif, kuma ba kome ba ne illa giya ta 4, watau ta ƙarshe. A giya ta 3, in inji ya juya sau 10, ƙarfen da ke fita daga akwatin giya shi ma sau 10 yake juyawa. A ta 4 kuwa, juyi 7 ko kusa da haka ya isa ya ba da waɗannan 10. Saboda haka injin da ke juyi 3,000 a minti ɗaya, da ya shiga ofadiraif sai ya sauko wajen 2,100, gudu kuwa yana nan yadda yake. Mai ya ragu, ƙara ta ragu, inji ya huta. Abin da aka bayar a maimakon wannan shi ne ƙarfin ja. Kakanninmu da suka biyo hanyar Hajji sun san raƙumi yana buɗe taku a fili, amma in ya ɗauki kaya ya fuskanci tudu sai ya gajarta shi.

Abin mamaki, ƙasar nan tana da hannu a yaɗuwar wannan giya. Motar otomatik ta shiga kasuwa a Amurka tun 1940, lokacin mai yana da araha, ba wanda ya damu da abin da take sha. Sai Yaƙin Oktoba na 1973 ya zo, ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai, kuɗinsa ya ninka wajen sau 4. Daga nan maƙera motoci suka shiga neman dabarar tsimi. Kamfanin Ford ya fito da otomatik mai ofadiraif a 1980, General Motors ya bi sahu. Mu ma nan tun 2014 da gwamnati ta soma janye tallafin mai, lita ta daina zama abin wasa.

Ga inda yawancin mutane ke ruɗewa. Mota da ofadiraif a kunne take zuwa, ba a bukatar a yi mata kome. In ka danna maɓallin, kashe shi ka yi, sa'an nan wata 'yar fitila ta kama a gaban direba tana cewa O/D OFF. Fitila a kunne, giya a kashe. Wanda ya kama hanyar hamada zuwa Iskandariyya, wajen kilomita 220, fitilar nan tana ci, ya tafi ke nan a giya ta 3 tun daga Giza har bakin teku, inji na kuka, aljihu na kuka.

Don haka a hanyar Iskandariyya, da ta Suwes, da Da'iri in ta sami sarari, a bar shi kunne. A cunkoson Gadar 6 ga Oktoba kuwa, inda ake tafiyar hawainiya, kunna shi da kashe shi duk ɗaya ne, gama motar ba za ta kai giya ta 4 ba balle ta shiga. Masu danna shi can wahalar da yatsa kawai suke yi.

Wurin da ake kashe shi, motar da kanta za ta faɗa maka in kana saurare. Ka ɗauki titin Salah Salim a sa'ar da ba a tsaye ake ba, ba kuma gudu ake ba, ana tsakanin kilomita 50 da 70. Ka taka totur kaɗan ta sauko ta 3, ka ɗaga ƙafa ta koma ta 4, ta sake saukowa, kamar mai neman abin da ya ɓace. Kowace sakewa ɗaya, faifan kuloci da ke cikin akwatin suna gogar juna, man giya yana ƙara zafi. Zafi kuwa shi ne ajalin akwatin otomatik, balle a bazarar Masar da rana kan haura awo 40. In ka ji wannan kai da kawowa, danna maɓalli ta zauna a ta 3 har hanya ta buɗe. Ɗan man da za ta ƙara sha bai kai kuɗin sauke akwati a wurin makaniki ba.

Haka hawan dutsen Muƙaɗɗam yake, haka na Galala wajen Ainus Sukhna, musamman in an cika mota da iyali, an ɗaure kaya a bisa. Mai jan wata mota da igiya shi ma ya kashe. Amma kaya kaɗai a hanya shimfiɗaɗɗa ba dalili ba ne, muddin motar ta zauna a giya ɗaya ba ta wasa.

Gangara ita ce ta fi ba mu tsoro, don nan ba zancen kuɗi ake ba. A ofadiraif inji ba ya riƙe mota sosai, yawancin nauyin ya koma kan birki. Wanda ya ɗora ƙafa kan birki tun daga kan Muƙaɗɗam har ƙasa, birkin yana ɗaukar zafi, in zafin ya yi yawa kuwa sai a taka a ji ba ya kamawa sosai, ga motoci a gaba. Tun kafin ka fara gangarowa ka rage gudu, ka kashe ofadiraif, inji ya taimaka. In gangarar ta yi tsanani ka ja sanda zuwa 2. Kada kuwa a bi shawarar masu cewa a sa N a gangara don tsimin mai, wannan sakin linzami ne.

Wajen wuce wata mota ba lalle ne a taɓa shi ba. In ka taka totur da ƙarfi, akwatin zai sauko da giya da kansa.

Masu sababbin motoci kada su gaji da neman maɓallin, yawancinsu ba su da shi. Masu giya 6 ko 8 da yawa suna da ofadiraif fiye da ɗaya, kwamfutar mota ke zaɓa. Aikin da maɓalli ke yi, a wurinsu sai a yi shi da S ko L, ko alamar ragi da ke gefen sanda. Littafin motar zai nuna wanne ne.

Saura mai zuwa sayen tsohuwar mota. Ka tuƙa ta har ta shiga giya ta 4, ka danna maɓalli, ka ji ko ta sauko lafiya ba tare da fizga ba. Ka zaro ma'aunin man giya ka duba: mai lafiya ja-ja ne, in ya yi baƙi yana ƙaurin ƙuna, akwatin ya sha wuya. In kuma fitilar O/D OFF tana ƙyaftawa ita kaɗai ba wanda ya taɓa ta, a Toyota wannan ƙara ce motar ke kaiwa cewa akwai ciwo a akwatin giya. Kome dillali zai rantse, a kai ta wurin mai na'urar bincike tukuna, kafin a ƙirga masa fam ko ɗaya.